Ragowar Tuwon Dattijo Obadiya

A Hayin Dogo ta Samaru, in aka ce wane da wane sun daina gaisawa, ba a tambayar abin da ya haɗa su, sai dai a ce, "An gaya wa Obadiya?" Shi ba fasto ba, ba mai unguwa ba, ko ma'ajin ƙungiyar maza ba a taɓa yi masa tayi ba. Dattijo ne kawai a ikkilisiya, tsohon leburan gonakin gwaji, wanda ya bar aiki da ciwon baya da takardar yabo. Sai dai Allah Ya hore masa kunne, da haƙurin zama a kan benci, da ciki. Cikin nan kuwa shi ne rabin sana'ar.

Don a wajen mutanensa, waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukan bayan Giwa da Littafi a hammata da al'ada a ɓargo, mai sulhu ba ya jin magana sai ya ci tuwo. Tuwo ake fara ajiye masa, ƙara ta biyo baya. In ya cinye ya suɗe, ya nuna bai ƙyamaci gidan ba. In ya rage, ya yanke hukunci ke nan tun bai buɗe baki ba. Kuma abin da ya ci a gidan mai ƙara shi zai ci a gidan wanda ake ƙara, ba ragi ba ƙari, domin mata sun fi karanta kwano a kan fuska. Haka Obadiya ya tsufa yana tauna rigimar jama'a. Ya ci tuwon iyakar gona, ya ci tuwon akuyar da ta shiga lambu, ya ci shinkafar ranar da mawaƙan coci suka dare gida biyu a kan wanda zai riƙe ganga. Akwai ranar da ya yi abincin rana sau uku, ya dawo gida matarsa Liya ta ajiye masa na huɗu, ya nannaɗe hannun riga, don ita ma ba a rage mata.

Ciwon bai yi sallama ba. Ƙishirwa ce ta fara, sai yawan zagayawa, sai wando ya soma neman igiya. Da aka je wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari aka soki yatsa aka ɗiga jini, aka ce suga ne. Obadiya bai ji tsoron sunan ba, yayansa ya tuna. Da wannan ciwon yayan ya fara a ƙauye, daga ɗan gyambo a dunduniya har aka yanke ƙafar daga gwiwa. Mutumin da ake gayya don a ga nomansa ya ƙare ana ɗaukarsa a kai shi inuwa, inuwar ta gusa, a manta da shi a rana. Obadiya ya ce a ransa a ɗauki duk abin da za a ɗauka, a bar masa ƙafa.

Daga nan ya yi wauta biyu, duka da kyakkyawar niyya. Ta farko, ya hana Liya gaya wa kowa. Ya san mutanensa. Ranar da aka ji, za a sa sunansa a addu'ar marasa lafiya, a riƙa yi masa sannu da muryar gidan makoki, kowace tsohuwa ta zo masa da saiwarta a ƙullin zane. Ta biyu, ya ɗauki sunan ciwon a yadda ya ji shi. An ce suga, to shi da sukari an raba gari. Ya cire shi daga shayi ya koma zuma, wai ita ta Allah ce. Burodi ai ba sukari ba ne. Kunu ba sukari ba ne. Tuwo kuwa, tun da aka halicci duniya wa ya taɓa jin zaƙinsa? Da ya ji wani a cikin bas yana cewa masu suga tuwon alkama suke ci, sai ya sa Liya ta kai niƙa, ya riƙa danna malmala uku da farin ciki, yana jin kamar magani yake sha.

Mai duba su ran Talata, Sista Oluoma, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, lallashi kuwa ba ta gaje shi ba. Ta dubi na'urar awo, ta dubi Obadiya, ta sake duban na'urar.

"Baba, biki kuka yi jiya?"

"Wane biki? Ni rabona da sukari tun Ista."

"To me ka ci?"

Liya ta riga shi. "Alkama, Sista. Uku da yamma, biyu ɗumame. Ya kora da kunun gero."

"Chineke! Baba, ai kai ba barin sukari ka yi ba, kamfaninsa ka buɗe a ciki."

Ta jawo kujera ta yi masa bayani kamar mai koya wa ɗan makarantar Lahadi. Duk abin da ake niƙawa a tuƙa, da shinkafa, da doya, da rogo, da burodi, da kunu, da zumar tasa ta Allah, in sun sauka ciki sukari suke komawa. Wani da gudu yake zuwa, wani da rarrafe. Dawa da alkama da acca, in ba a surfe su fes ba, sun fi rarrafe, amma duk gida ɗaya za su. Ba ta ce ya bar tuwo ba.

"Dunƙule hannunka. Yauwa. Iyakar tuwonka ke nan. Sauran kwanon miya ce, kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, ka ƙara da wake, da kifi ko ƙwai in an samu. Maganinka kuma kan lokaci. Kunu a daina kora abinci da shi, ruwa bai ƙare ba."

"A Samaru ya ƙare, Sista."

"To a saya. Cire takalmi."

A ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu akwai wani ɗan rami, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce bai sani ba, ai ba ya zafi. Ta ce rashin zafin shi ne abin tsoro. Ta wanke ta naɗe, ta ce ya huta da yawo, ya guji takalmi mai matsi, ya riƙa zuwa wanki. Ba ta yi dariya ba da ta ce, "Muddin sugan nan bai sauka ba, wannan ba zai warke ba. Zai ci yatsa, ya nemi ƙari."

Gida ya koma wani iri. Liya ta shiga ɗora tukunya biyu da tsufanta, ta tsinki ganye har farcenta ya yi kore. Obadiya ya zauna gaban kwano kamar wanda aka kawo wa sammaci: ga 'yar malmala a gefe tana jin kunya, ga miya ta cika fili. In ya gama sai ya ce, "An gode da buɗe baki, ina abincin?" Da ta yi masa faten wake da alayyafo ya ce wannan ai da ma akuya aka gayyata. Abin da ya fi gajiyar da shi ba yunwar ba ce, tunanin ne. Mutumin da tun yana yaro hannu ke zuwa baki ba shawara, yanzu kowace loma sai an yi mata tambayoyi. Wannan mai gudu ne ko mai rarrafe? Masara gasasshiya a bakin titi, ƙosai, rake, dankalin da jika ta miƙo, duk sun zama jarrabawa. Amma dai awo ya soma sauka, ramin ya soma bushewa daga gefe. Har Sista ta ce masa "Ka yi ƙoƙari" sau ɗaya, tana kallon wani wajen.

Ana nan sai rigimar 'ya'yan marigayi Dauda ta taso. Wa da ƙane ne. Yunana, babban, yana Samaru yana noma gonar gado da ke Zabi. Mordekai, ƙaramin, yana sayar da kayan gyaran babur a PZ, cikin Sabon Gari. A tsakiyar gonar akwai wani tsohon mangwaro da ubansu ya dasa. Yunana ya ce inuwarsa na kashe masa masara, ya sa aka sare. Mordekai ya ce ba bishiya aka sare ba, ubansu aka sake binnewa. Aka daina gaisawa, mata suka daina zama benci ɗaya a taron zumunta, 'ya'ya suka goge lambar juna. Fasto ya yi wa'azi a kan Kayinu da Habila, kowannensu ya fita yana cewa da ɗan'uwansa ake. Daga ƙarshe Fasto ya aiko wa Obadiya.

"Baban Success, ba za ka ba," in ji Liya ga mijinta.

"Dauda abokina ne. Zumunci a ƙafa yake."

"Shi ya sa yake cin taka."

Ya ɗauko takalminsa sau-ciki na zuwa sujada, wanda ke ɓoye bandeji, ya cusa ƙafar, ya fita.

A gidan Yunana aka shimfiɗa masa tabarma, uwargida ta kawo tuwon masara fari sol, malmala uku, da miyar kuka tana ƙamshin daddawa da man shanu. Obadiya ya yi addu'a mai tsawo, rabinta roƙon ƙarfin hali. Ya ci ɗaya, ya shanye miyar tas, ya rufe kwano ya ce mun gode Allah. Uwargida ta zo ɗauka, ta ji nauyin kwanon, ta ɗaga murfi, ta mayar a hankali. Ta dubi mijinta. Yunana, wanda ya fara magana da fara'a, sai ya gyara zama.

"To, Dattijo, tunda an riga an gaya maka komai a can, me ya rage in faɗa?"

"Ban je can ba tukuna."

"Haka ne," in ji Yunana, yana kallon kwanon.

Kafin bas ɗin Obadiya ya wuce Kwangila, labari ya riga shi isa Sabon Gari, don waya ba ta tsayawa ɗaukar fasinja. Winifred matar Mordekai ta tare shi tun daga bakin layi, saura kaɗan ta yi guɗa.

"Sannu da zuwa, Baba! Mun ji, mun ji. Ai gaskiya ko an binne ta sai ta tsiro. Shigo, yau doya na daka maka da hannuna."

Aka dire masa sakwara kamar ƙaramin tsauni, da lemon kwalba mai sanyi yana zufa. Obadiya ya lissafa a ransa: ya ci kaɗan a can, adalci shi ne ya ci kaɗan a nan. Ya gutsuri gefe, ya cinye naman da ganyen, ya nemi ruwa. Winifred ta tsaya hannu a ƙugu.

"Baba, gishiri ne bai ji ba?"

"Ya ji, 'yata. Na ƙoshi ne."

"Ka ƙoshi." Ta juya ga mijinta. "Ka ji, wai ya ƙoshi. Mutumin da ya cinye tiren shinkafa shi kaɗai ranar sunan Marvellous."

Zuwa Lahadi magana ta yi rassa. Wasu suka ce ya kama Yunana da laifi, wasu suka ce Mordekai. Wadda ta fi muni ita ce ta bakin rijiya: wai Dattijo Obadiya na tsoron a sa masa wani abu a abinci. A gidan Kirista! Matar Yunana ta yi kuka a taron mata, ta ce tun da take ba a taɓa yi mata zargin sammu ba. Winifred ta ce ita a garinsu ko maƙiyi ba ya rage sakwara. Abin da aka shekara ana nema, wato gidajen biyu su yarda a kan magana ɗaya, ya samu: Obadiya ya wulaƙanta su.

Kalma ɗaya ce za ta kashe wutar, kuma yana da ita a baki. Ya juya ta, ya tuna muryar sannu, ya tuna yayansa a rana, ya haɗiye. Ya ce wa kansa sau ɗaya ne, a wanke zargi a wuce. Ya koma gidan Yunana ya cinye uku ya suɗe. Washegari ya hau bas ya je ya rushe tsaunin Winifred, ya kora da lemo. Sai dai sulhu ba a yinsa da zuwa ɗaya. Yunana ya ce sai ƙane ya fara ba da haƙuri a kan zagi. Mordekai ya ce sai an dasa wani a daidai gurbin. Yunana ya ce a dasa a gefe. Kowace magana sai an ɗauke ta a ƙafa daga Samaru zuwa PZ, kowace kuma da kwanonta. Matan biyu suka shiga gasa, wannan ta ƙara malmala, waccan ta ƙara doya, Obadiya a tsakiya yana haɗiya kamar mai biyan tara. Ba ya ma jin daɗin. Tuwon da ya yi ta mafarkinsa, yanzu yana ci yana jin ƙafarsa na bugawa a cikin takalmi.

Ya daina zuwa asibiti ran Talata, don ya fi tsoron bakin Sista a kan na'urarta. A gida ya riƙa wanke ƙafa da kansa a bayan ɗaki. Liya ta gaji da faɗa. Ta dai ci gaba da ajiye masa 'yar malmalarsa da ganye, yana turewa yana cewa ya ci a waje.

Ranar da aka sa za a haɗa wa da ƙanen, bayan sujada, a ɗakin dattawa na coci, kowane gida ya zo da kularsa. Aka jera a gaban Obadiya, tuwo a dama, sakwara a hagu, matan na tsaye a bakin ƙofa suna jiran su ga wadda zai fara buɗewa. Shi kuwa zazzaɓi ne ke kaɗa shi tun safe, ƙafar ta kumbura har ta cika takalmin tam. Yunana ya fara da cewa shi ne babba. Mordekai ya ce babba ba ya sare uba. Murya ta hau. Obadiya ya dubi kulolin nan biyu, ya ji wata gajiya ta sauko masa tun daga wuya, irin wadda ba ta bar wa mutum wurin ajiye kunya. Ya sunkuya ya kama takalmin. Da ƙyar ya fita. Safar ta manne, ya ɓanɓare ta, ya ɗora ƙafar a kan benci tsakanin tuwo da sakwara.

Warin ne ya fara magana. Yatsan ya yi baƙi, jan kumburi ya hauro bayan ƙafa.

"Suga gare ni," in ji shi. "An ce in ci kaɗan. Na ci kaɗan kun ce sammu. To ga shi, na ci da yawa."

Winifred ta rufe baki da gefen mayafi. Matar Yunana ce ta fara samun murya.

"Wayyo Baba! Ai doya ce. Kowa ya san doya ba ta yi wa mai suga."

"Doya? Masarar da kike tuƙa masa kamar za a yi gini fa?"

"Ku yi mana shiru!" in ji Yunana da Mordekai, baki ɗaya, abin da ya ba su kansu mamaki.

Su biyun suka ɗauke shi, babba ta kafaɗa, ƙarami ta ƙafafu, suna gardamar ko keke za a tara ko mota. A ƙaramin asibiti ba a ɓata lokaci ba, aka tura su babban asibiti. Likita ya duba ya ce yatsan ya riga ya tafi, abin da ake roƙo yanzu kada ya ja sauran. Aka cire shi. Aka yi ta allura da wanki da awon jini, ana zana iyakar jan kumburin da biro a ga ko zai haura. Obadiya ya kwanta yana kallon layin biron nan kamar manomi mai kallon ruwa na cin gona. Kumburin ya tsaya. Sannan, a hankali, ya soma ja da baya.

Duk abin da ya guda ya same shi. An sa sunansa a addu'a. An yi masa sannu da muryar makoki. Tsofaffi sun kawo saiwoyi, da garin ganye, da wani ruwa baƙi a gorar lemo, Liya ta karɓa da godiya ta zuba wa masara a bayan gida. 'Ya'yan Dauda kuwa suna gaisawa yanzu, a taƙaice, kamar masu biyan haraji. Maganar mangwaro tana nan, an ce sai damina. Mutane sun rage kiransa, wai suna tausaya masa, kuma ko an kira shi matan ba su san yadda za su karanta kwanon mutumin da likita ya yanka wa tuwo ba. Wata ma ta ce sulhun yanzu ba ya ƙarko.

Obadiya yana tafiya, da sanda, da wani faffaɗan takalmi mai laushi da jikokinsa ke kira kwalekwale. Yakan kai coci, yakan kai bakin titi. Yunwa ba ta bar shi ba, sun dai saba. Kowace safiya, kafin ya sa komai a baki, yakan zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora ƙafar a gwiwa, ya sa ɗan madubin kwalliyar Liya a ƙarƙashinta yana duba tafin da tsakanin yatsu, don an ce masa ƙafar ba za ta ƙara gaya masa in ta ji ciwo ba, sai dai ya je ya tambaye ta.

"Suna nan?" Liya kan tambaya daga madafa.

"Huɗu suna nan."

"To dawo mini da madubina. Wakenka na hucewa."